Yadda na auna aikin Agadas kafin in ɗaura kaya

Ni mutumin Damagaram ne, haifaffen unguwar Zango. Sana'ata haɗa wutar sola da gyaran injinan ban ruwa. Na koyi aikin lantarki tun ina saurayi a hannun wani maigidana, daga baya na buɗe ɗan shagona. Sana'ar tana ciyar da gidana, amma ba ta taɓa tara mini wani abin kirki ba, in ban da wani ɗan lokaci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, gari ya shiga duhu, sai kowa ya tuna akwai rana. Mai ƙanƙara, mai sayar da magani, mai cajin waya, duk suka yi layi a ƙofata. Na ɗauki yara, na sayi babur. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 wuta ta fara dawowa, kuma kafin lokacin duk wanda ya iya riƙe filaya ya zama mai haɗa sola. Ciniki ya koma inda yake a da, ko ma ƙasa da haka.

Ana cikin wannan hali, ƙarshen daminar 2024, wani Alhaji ɗan Agadas ya kira ni. Babban dillalin albasa ne, yana da sito a Damagaram, na taɓa haɗa masa wuta a ciki. Ya ce ya fara shigo da famfunan sola yana ba masu garka na cikin duwatsun Azbin bashi, su biya bayan sun cire albasa, amma duk famfon da ya tsaya sai ya daɗe a kwance don babu mai gyara na kirki. Yana son mutum ya zauna masa a Agadas, ya riƙe wurin gyara, ya riƙa hawa Tabelot da Timiya da ƙauyukan gindin Bagazam. Albashin da ya faɗa ya ninka abin da nake samu a watan da ciniki ya yi kyau, ga ɗaki, ga man mota. Na ce zan yi shawara da gida. Ya yi dariya ya ce, "Ku mutanen kudu komai sai shawara. Ai ba Bilma na ce ka tafi a ƙafa ba."

Uwargidana tela ce, kuma ta fi ni lissafi. Ba ta tambayi zafi ba, ba ta tambayi 'yan fashi ba. Cewa ta yi, "Malam, a can nawa ake sayar da buhun hatsi?" Tana da gaskiya. Agadas ba ta noma geron da take ci. Ruwan da ke sauka can a shekara bai kai rabin namu ba, hatsi daga Damargu da ƙasashenmu na kudu ake loda shi a kai musu, kuma kuɗin mota a kan mai ci yake ƙarewa. Ta zauna da takarda ta cire haya, ta cire ruwa, ta cire tukunya biyu in har zan bar su a nan, ta cire kuɗin motar zuwa ganin gida. Ninkin nan da ya ruɗe ni ya dawo ƙarin da bai taka kara ya karya ba. Sannan ga babbar 'yarmu tana ajin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, ga masu kawo mata ɗinki da ta yi shekaru tana tarawa.

Kawu kuwa kai tsaye ya ce kada in je. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji shi, kuma arewa ba wurin mai iyali ba ne. Bai taɓa wuce Tanut ba, amma yana da labarin kowace motar da aka tare tun tawayen 1990.

Wadda na zaci za ta fi kowa ƙi ita ce Inna, sai ta ba ni mamaki. Mahaifinta fatoma ne a Zango. A gidansu ayarin Buzaye ke sauka da kantun gishirin Bilma da dabino, su kwana biyu, su sayi gero da baƙin yadi su koma. Ta ce ta girma tana jin kukan raƙuma a ƙofar gida, kuma akwai wani tsoho da ke kawo mata cuku duk shekara har ta yi aure. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, Azbin ba daji ba ne. Mutanen nan sun fi wasu 'yan uwanka riƙon amana. Abin da nake so in sani, wa zai riƙa kai ni awon jini?" Wannan tambayar ta fi ta Kawu nauyi nesa ba kusa ba, don hawan jininta ba ya jiran ƙarshen wata.

Akwai ɗan wan mahaifina, Yaya nake ce masa, da ya shekara sama da ashirin a Agadas. Shi na kira da dare, muka yi doguwar magana har katina ya ƙare ya kira ni da nasa. Abin da ya gaya mini shi ya sauya yadda nake kallon al'amarin gaba ɗaya.

Ya je can ne yana yaron gareji, lokacin da Turawa masu yawon buɗe ido ke sauka da jirgi kai tsaye daga Faransa a cikin hunturu. Kowace mota mai shiga rairayi tana da aiki, maƙeran azurfa na sayar da kayansu, masu dafa abinci da 'yan jagora na cin kasuwa. Tawayen 2007 ya tsayar da wannan, sace ma'aikatan uraniyom a Arlit a 2010 ya ƙarasa shi. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 hanyar Libiya ta buɗe, garin ya cika da matafiya daga Senegal, Gambiya, Najeriya da sauransu. Yaya ya ci bashi ya sayi Hilux, yana kai mutane arewa, kuma a lokacin ba wanda ya kira wannan laifi. A 2015 aka yi dokar hana safarar baƙin haure, a 2016 aka fara aiki da ita da ƙarfi, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, tasa na ciki. Ya bi zinariyar Jado da aka gano a 2014, gwamnati ta rufe wurin a 2017. Abokansa da ke Arlit suka dawo hannu rabbana da aka rufe mahaƙar uraniyom ta Cominak a 2021. Daga ƙarshe ya samu aikin kanikanci wajen wani ɗan kwangila da ke yi wa sansanin sojojin Amurka hidima, su ma a watan Agustan 2024 suka kwashe kayansu. An soke dokar nan ta baƙin haure a Nuwamban 2023, amma shi ba shi da motar da zai koma hanya da ita.

Ya ce, "Ƙanena, garin nan ba ya hana baƙo tuwo. Amma kafin ka zauna, ka duba hannun wa ludayin yake."

Na kwana ina juya wannan magana. Duk abin da ya ɗaga Yaya ya kuma kayar da shi, babu ɗaya da aka yanke hukuncinsa a Agadas. Wani a Faris, wani a Turai baki ɗaya, wani a Yamai, wani a Amurka. Shi dai ya wayi gari ya tarar an rufe ƙofa. Sai na ajiye maganar zafi da nisa gefe, na kama tambaya guda: kuɗin da Alhaji zai biya ni, daga aljihun wa yake fitowa, kuma wa ke iya tsayar da shi da sa hannu ɗaya? Na yi istihara, na ce wa Alhaji ba zan amsa ba sai na ga garkunan da idona.

A watan Nuwamba na hau mota. Tsakaninmu da Agadas kimanin kilomita 450 ne. Har Tanut kana ganin gonaki da rumbuna, daga nan itatuwa su fara ja da baya, a Adarbisnat ka ga tumaki da raƙuma sun fi mutane yawa, sai ka gangara dutsen Tigidit ƙasa ta buɗe. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, a sauka a nuna takarda a hau. Garin kansa ba a kan dutse yake ba, a gindin duwatsun yake, su kuma suna can arewa da gabas, shuɗi-shuɗi da safe. Abin da ka fara hangowa hasumiyar babban masallaci ce, mita 27 ta jar laka da itatuwa a soke a jikinta, wadda aka gina tun wajajen 1515 aka sake gina ta a 1844. Tun 2013 tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO. Ni da na baro Damagaram ana jimamin tsohon masallacinmu na Birni da ruwan Satumban 2024 ya rusa, na daɗe a tsaye ina kallon yadda suke kula da yaɓen nasu.

Ban ji baƙunta ba. Hausa ce harshen kasuwa, da ita ake ciniki, da ita ake faɗa. Shawarar farko da Yaya ya ba ni kan gida ta ba ni dariya: kada in kama haya kusa da korama. A garin da ake shekara ana roƙon ruwa! Sai ya tuna mini Satumban 2009, lokacin da ruwan da ya sauka kan duwatsu ya biyo koramar Telwa da dare, ya fasa madatsa, ya rusa dubban gidaje. Ruwan ba sai ya sauka a kanka ba, daga nesa yake zuwa.

Ranar wata Litinin da yamma ya kai ni bakin gari inda motocin Dirku, garin da ke kan hanyar Libiya, ke taruwa su jira rakiyar sojoji. Na ga samari a jere a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa da sanda a kafe tsakanin cinyoyinsa da zai riƙe kada ya faɗo, fuska a naɗe, tabarau a ido, jarkokin ruwa a lulluɓe da buhu a rataye. Wani yaro da bai wuce sa'ar ƙanena ba yana ta ƙoƙarin kiran wata lamba tana ƙin shiga. Yaya ya tsaya yana duba tayoyin motocin, yana gaya mini wacce za ta kai, wacce za ta ba su wahala. Har muka bar wurin bai yi maganar tasa motar ba.

Washegari muka hau dutse da yaron Alhaji. Hanyar Tabelot ba ta da tsawo a takarda, amma duwatsu da rairayin korama sun sa ta cinye yini. Can sai ga kore a tsakiyar baƙin dutse: albasa fal, dankalin Turawa, tafarnuwa, tumatir, dabino a gefe. Bagazam na tsaye a kanmu, shi ne mafi tsawo a Nijar, ƙololuwarsa mita 2,022. Da dare sanyi ya hana ni barci duk da bargon da suka ba ni.

Garkar farko da aka kai ni ta wani dattijo ce. Famfonsa ya yi makonni ba ya tura ruwa sai tari. Muka jawo shi daga rijiya. Na kwance shi a kan tabarma, na tarar fukafukan ciki sun cinye, yashi ya cika su. Farantan kuwa ƙura ta yi musu kauri har kana iya rubuta sunanka da yatsa. Amma ainihin cutar a waya take: akwai ɗan abin da ke jin ruwa ya yi ƙasa ya kashe famfon, wani ya yanke shi ya haɗa kai tsaye. Na tambaya. Dattijon ya ce ɗansa ne, don abin yana kashe musu ruwa tun azahar, ga rana tana nan kyauta. Na ce, "Baba, ba ya kashewa sai rijiya ta ƙafe. In ka hana shi tsayawa, laka zai sha, lakar ce ta ci miki, wato ta ci maka inji." Ya yi murmushin yadda bakina ya sarƙe, ya zuba mini shayi, sannan ya ba ni tarihin rijiyar. A zamanin mahaifinsa raƙumi ke jawo guga, yana zuwa yana dawowa, in dabba ta gaji an gama ban ruwan ranar. Da injin fetur ya zo, aljihu ne ke tsayar da mutum, wasu har suka mayar da injin ya koma aiki da tukunyar gas don sauƙi. Yanzu da sola babu abin da ke tsayar da kowa. Kowa ya faɗaɗa garka, kowa yana ja daga korama ɗaya, kuma shi kansa ya ƙara wa rijiyarsa zurfi fiye da sau ɗaya.

Na sauya abin da ya cinye, na ɗaga famfon daga ƙasan rijiya, na mayar da wayar, na nuna wa jikansa yadda zai riƙa share farantan da sassafe da busasshen ƙyalle mai laushi. Ruwa ya taho, yara suka bi shi da gudu cikin kwalbatin ƙasa. Kafin la'asar maƙwabta sun taru, kowa da ƙorafin injinsa.

A nan na samu amsar tambayata, ko da yake ba amsa ce mai daɗi duka ba. Albasar Azbin tana fitowa ne daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa take da daraja, manyan motoci na ɗaukarta har Abijan da Akara. To, nan ma akwai hannun waje. A lokacin iyakarmu da Benin a rufe take, hanya ta ƙara tsawo, albasa kuwa ba ta haƙurin jira a kan iyaka. In farashi ya faɗi, mai garka ya kasa biyan Alhaji, Alhaji ya fara kallon albashina. Ga kuma ruwan ƙasa da ke ja baya, wanda ni a ganina ya fi kowace iyaka haɗari, kuma kayan da zan riƙa girkawa suna cikin masu jawo shi. Amma akwai bambanci da abin da ya sami Yaya. Garkunan nan sun riga Turawan yawo, sun riga zinariya, sun riga sansanin soja. Ko Abijan ta rufe, Yamai da Damagaram da Arlit za su ci albasa da dankali da lemon Timiya. Famfo kuma in ya shiga rijiya, lalacewa zai yi ko Alhaji na nan ko ba ya nan, mai shi kuma lambar wayata zai nema.

Da na sauko na zauna da Alhaji a zaurensa. Na ce ina son albashin a rubuce gaban shaidu, kuma kowane wata, ba sai an cire albasa ba. Ya amince da wannan da sauri har na yi zargin na yi araha. Inda muka ja shi ne da na ce kayan aikina nawa ne, kuma duk famfon da ba shi ya sayar ba ina da ikon gyara shi in karɓi ladana. Ya ce to ai kishiya zai ajiye a gidansa. Na ce, "Alhaji, in mutane suka san wurinka ake samun mai gyara, wurinka za su sayi na gaba." Ya yi shiru yana jan carbi, ya ce a bar shi haka. Na ƙara da cewa ba na tafiyar dare, ba na hawa dutse sai da ɗan ƙasa mai jin Buzanci, kuma duk wanda ya sake yanke wayar nan, gyaransa da kuɗinsa. Iyali kuwa suna Damagaram tukuna. Ƙanena ya karɓi shago da sharaɗin shi zai riƙa kai Inna asibiti a babur ɗin da na bar masa. Ban saki hayar shagon ba, kuma ba ni da niyyar saki.

Na fara aiki farkon 2025. Ba zan ce komai daɗi ba ne. Bazarar Agadas ta wuce yadda nake ji, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana, iska in ta taso da ƙura sai ka ci yashi a cikin abincinka. Kayan gyara suna daɗewa a hanya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan isha'i, in na dawo ɗaki babu mai tambayata ko na ci abinci. Da aka sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, Kawu ya kira ni ya ce ai ya faɗa. Na ce masa masu wannan aikin ba irina suke nema ba, abin da nake tsoro shi ne masu tare hanya su raba ni da mota da akwatin kayan aiki, kuma don haka muke bin lokacin da mutanen wurin suka ce a bi. Bai gamsu ba. Ni ma ba kullum nake gamsuwa ba.

A ɗaya gefen, wata bai taɓa wucewa ba a biya ni ba. Gyaran da nake yi na kaina yanzu ya kusa kamo albashin. Na biya bashin babur, ina aika kuɗin maganin Inna a kan lokaci. Ba na saukowa daga dutse hannu wofi, wannan ya ɗora mini buhun dankali, wancan cuku, wani rumman. Dattijon nan na Tabelot ya turo mini jikansa ya koyi aiki, yaron yana da hannu, har ya fara kwance famfo shi kaɗai. Na ja Yaya ma yana tuƙa mu, don ya san kowace korama da sunanta.

A hutun makaranta uwargida ta zo ganin wuri. Na zaci kasuwar hatsi za ta fara zuwa, sai ta ce in kai ta wajen masu sayar da yadi. Ta yini tana kallon yadda matan Agadas ke ado, ta tambayi kuɗin ɗinki, ta ji yadda ake dinƙa sababbin kaya lokacin bikin Biyanu da bukukuwan aure. Da dare ta sake fito da takardarta. Ta ce in 'yarmu ta gama jarrabawa za su taho da ƙananan, a gwada shekara guda. Inna ta ce ita ba inda za ta, ta ga raƙuma iya gani, ƙanwata za ta dawo gidan ta zauna da ita.

Na samu gida a kan tudu, nesa da korama, ɗaki biyu da rumfa da za ta isa wurin ɗinki. Mai gidan yana son kuɗin wata shida a dunƙule, Alhaji ya ce zai biya ya riƙa cirewa a hankali. Abin da ya rage muna gardama a kai shi ne keken ɗinki. Na ce a ɗaure shi a saman mota tare da sauran kaya, ta ce sam, kujera za a saya masa kusa da ita, in kuma kuɗin ya yi mini yawa in cire daga na shayina.